Gangaren Barandar Ajinmu: Kundin Aikin Lissafi na SS2

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Shekara tara ke nan ina koyar da tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika, kuma duk shekara misalan ba sa canzawa: tsani da aka jingina da bango, inuwar sandar tuta, mutum a kan tsauni yana hango jirgin ruwa. Yaran da ke gabana a nan Kano ba wanda ya taɓa hango jirgin ruwa daga kan tsauni. Su haddace SOH CAH TOA, dabarar tuna ƙa'idojin sin da cos da tan, su zuba a jarrabawa, su manta.

Bana akwai yaro a ajina da cutar shan inna ta taɓa wa ƙafafu tun yana jariri. Haihuwar 2008 ne, lokacin da cutar ke kama ɗaruruwan yara a Arewa. A watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta taɓa ga su nan sun kai sakandare. Da keke mai ƙafa uku yake zuwa, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Barandar ajinmu matakala uku ce. Kullum da safe sai ya ajiye keken a gindin darbejiya ya hau da hannuwa, ko abokansa biyu su ciccibe shi. Ranar da aka yi ruwa, da taɓo a gwiwar wando yake shiga aji.

Bayan an tashi na tsayar da shi na gaya masa abin da nake tunani: ajin ya auna, ya lissafa, ya zana gangaren da keke zai hau, in Allah ya hore kuɗi a gina. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Malam, in dai ba za a riƙa nuna ni ana cewa saboda ni ne ba." Na yi masa alkawari. Shi ya sa a wannan kundi ba zan kira sunansa ba, injiniyan gwaji zan riƙa ce masa, don muƙamin da na ba shi ke nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mun haɗa kilinomita, wato ma'aunin kusurwar tudu. Furotiraktan cikin gwangwanin kayan lissafi, zare, noti ɗaya daga wurin mai gyaran babur, sai kwankon biro a manne a gefe don leƙe. Rukuni takwas, kowanne da nasa. Abin da na kashe bai wuce naira 1,500 ba, zare da salatif.

Talata, 14 ga Oktoba

Ashe muna da gangare a makarantar nan, ni ne ban taɓa kallonsa da wannan ido ba. Yana bakin ofisoshi, malamai ke tura babura ta kansa. Can na kai su yau.

Tudunsa santimita 45, shimfiɗarsa a ƙasa santimita 120. Aka raba 45 da 120 aka sami 0.375, aka duba teburin tan, wato tudu bisa shimfiɗa, ya ba da digiri 20.6. Kilinomitocinmu sun ba da tsakanin 19 da 23, na ce ba laifi. Wata yarinya ta ce ai digiri ashirin ba wani abu ba ne, tunda kusurwar bango casa'in ce. A kan allo gaskiyarta, siririyar kusurwa ce.

Injiniyan gwaji ya ce a bar shi ya gwada. Na sa ƙarti biyu a bayansa. Ya taho da gudu, tayar gaba ta hau kamar taku biyu, sai ta fara juyawa a wuri ɗaya tana ƙara, keken ya yi baya. Shi ya yi wa ajin bayani da kansa: tayar gaba ce ke jan keken, kuma da an fara hawa tudu nauyin mutum baya yake komawa, sai tayar ta rasa abin kamawa. Ban san wannan ba, kuma ba ya cikin littafin da nake koyarwa da shi. Yarinyar nan ba ta sake cewa komai ba, amma na ga ta ja layi biyu a ƙarƙashin 20.6.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Darasin ƙa'ida. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne ɗaya bisa goma sha biyu: duk santimita ɗaya na tudu, a ba shi santimita 12 na shimfiɗa. Shi ne iyakar da ƙa'idojin gini na dokar masu buƙata ta musamman ta Amurka, ta 1990, suka sa, tare da sharaɗin kada gangare ya hau fiye da kimanin santimita 76 ba tare da wurin hutawa ba. Mu ma muna da doka. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Na ce su ƙirga gine-ginen da ke da gangare daga gida zuwa makaranta, su kawo mini ranar Talata.

Da aka nemi kusurwar ɗaya bisa goma sha biyu, yawanci suka sami 4.76, amma mutum shida suka dage 0.083 ce. Kalkuletocinsu na kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa dabam da digiri. Minti ashirin muka ɓata a nan.

Lissafin farko: baranda 45, sau 12, shimfiɗa santimita 540.

Talata, 21 ga Oktoba

Matsala ta farko. Daga bakin baranda zuwa kwatar da ke gabanta santimita 380 ne kacal. In aka miƙe gangaren kai tsaye, 45 bisa 380 zai ba da digiri 6.8, kuma mai saukowa cikin kwata zai ƙare. Rukuni na uku suka kawo shawarar a kwantar da shi a jikin barandar, ya bi tsawonta, a yi dandamali a sama inda za a juya a shiga. Kowa ya yarda.

Na kuma gano kilinomitanmu ba zai yi wannan aiki ba. Na sa su lissafa da kansu don su gani: a digiri 4 shimfiɗar santimita 644 ce, a digiri 5 ta koma 514, a digiri 6 ta dawo 428. Kuskuren digiri ɗaya ya cinye fiye da mita guda ko kusa da haka, zarenmu kuwa ko iska ce ta kaɗa sai ya goce da digiri biyu. Daga yau da tef za mu auna tsawo, kusurwar ta fito daga lissafi. Wasu sun ji haushi don sun sha wahalar ƙawata nasu. Na ce su ajiye, za mu auna hasumiyar masallacin makaranta da su, can ne kusurwa ke da girman da za su yi amfani.

Ƙirgar gine-gine: mafi yawa bankuna da asibiti suka ambata. Wani ya ce na wani kanti da ya gani ya fi na baburanmu tsayuwa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau na ji kunya a gaban ɗalibaina, kuma gara da na ji ta yau.

Na kira magini, dattijo ne da ya yi wa makarantar gyare-gyare a baya. Ɗalibai goma sha ɗaya suka zo duk da Asabar ce. Na miƙa masa zanenmu da alfahari. Ya duba, ya taka daga inda dandamali zai zauna zuwa inda muka kafa turke a 540, ya dawo, ya ce, "Malam, wannan arba'in da biyar ɗin daga ina kuka auna ta?"

Na ce daga gindin baranda, Baba.

Ya ce, "To ai ƙasar nan ba a kwance take ba. Ruwan sama ina yake bi in an yi?"

Yamma yake bi, kowa ya sani. Ya sa yaronsa ya ɗauko siririn tiyo mai haske, suka cika shi da ruwa, ya riƙe baki ɗaya a jikin baranda, ya ba wata ɗaliba ɗayan ta kai turke. Ruwa a baki biyu na tiyo tsayinsa ɗaya ne ko yaya ƙasa take. Aka yi alama, aka auna. A turkenmu ƙasa ta sauka santimita 8, gaba kaɗan ta kai 9 sannan ta daidaita. Tudun da keke zai hau ke nan 54 ne, ba 45 ba. Da mun gina yadda muka zana, da ɗaya bisa goma muka samu muna ta murnar mun bi ƙa'ida.

Alwatikar da muke zanawa a allo kullum gindinta a miƙe yake, kusurwar casa'in na zaune a lungu, ba mai tambayar wa ya tabbatar da ita. Ni kaina ban tambaya ba. Sabon lissafi: 54 sau 12, santimita 648.

Ɗalibar da ta riƙe tiyo ta ce, "Malam, in ƙasa na sauka ta yamma, ai ta gabas hawa take. Me zai hana mu juya shi can, ya gajarce?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma lissafinta daidai ne. Sai dai darbejiya na nan a mita uku ta gabas, saiwoyinta sun fito sama, kuma ita kaɗai ce inuwar wannan ɓangaren. Ba mai yarda a taɓa ta.

Kafin ya tafi Baba ya fitar da kusurwar dandamali da igiya: uku nan, huɗu can, biyar a tsakani. Na ce wa yara ga Faisagoras, mai ƙa'idar gefunan alwatika mai kusurwar casa'in, a hannun wanda bai taɓa jin sunansa ba. Ya ce shi dai haka maigidansa ya koya masa. Aikin gida: su nemo sauran kusurwoyi biyu na wannan alwatika. Amsa 36.9 da 53.1.

Talata, 28 ga Oktoba

Ƙa'idar Amurka ta ce dandamalin juyawa ya kai kimanin santimita 150 kowane gefe. Muka zana shi da alli a filin taro, injiniyan gwaji ya shiga. Bai juyu ba. Don keken asibiti mai ƙafa huɗu aka yi wannan awon, nasa kuwa tsawonsa 168 ne. Muka riƙa ƙara layi yana gwadawa har ya juya ba tare da ya ja baya ba. Mun tsaya a 200 bisa 150. Faɗin gangaren kansa 120.

Talata, 4 ga Nuwamba

Kuɗi. Ga kiyasin da muka yi da Baba: siminti buhu 10 a kan 10,000, naira 100,000. Bulo mai inci shida guda 60, naira 36,000. Yashi da tsakuwa 45,000. Marmara ta ciko 20,000. Ladan magini da yaronsa 40,000. Ƙarfen riƙewa da aikin walda 70,000. Jimla 311,000.

Yaran ne suka fitar da yawan cikon: rabin 6.48 sau 0.54 sau 1.2, wajen kubik mita 2.1, ban da dandamali. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yi alkawarin 150,000, tsofaffin ɗalibai 100,000, ɗakin malamai muka haɗa 35,000. Saura 26,000.

A zaman da aka yi wani daga cikin iyaye ya ce mita shida da rabi almubazzaranci ne, a yi huɗu. Baba ma ya ɗan karkata can, ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mita huɗu za ta hawu. Ban yi musu ba, na ce a ba mu zuwa Asabar.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kafinta ya ara mana katakai masu kauri, muka ɗora a kan bulo, muka ari sikelin rataye a wurin mai sayar da hatsi. Keke da mai shi kilo 70 ne, don haka muka ɗora buhun yashi a kujerar har nauyin ya kai haka, muka ɗaura sikelin a gaba muna ja a hankali.

A nan ne sin, wato tudu bisa tsawon jikin gangare, ya yi amfani. Ƙarfin da ke jan keke baya a kan tudu shi ne nauyi sau sin na kusurwar. A ɗaya bisa goma sha biyu, 70 sau 0.083, kamar kilo 5.8. A mita huɗu kusurwar 7.7 ce, kamar kilo 9.4. A gangaren babura, 70 sau 0.351, kusan kilo 25. Sikelin ya nuna 8, da 12, da 27. Wani ya ce lissafi ya yi ƙarya. Na ce ya murza tayar baya da hannu ya ji yadda take cijewa. Sarƙa da bari da taya kowanne na cin nasa, shi ne ƙarin kilo biyu zuwa uku da ke fitowa kowane lokaci.

Sannan injiniyan gwaji ya hau da kansa. Na mita huɗu ya hawu, amma sai da ya taho da gudu, kuma da na ce ya tsaya a tsakiya ya sake tashi, tayar ta zame. A ɗaya bisa goma sha biyu ya tsaya, ya gyara hula, ya ci gaba. Baba ya ce, "Shi ke nan Malam, a yi dogon." Uban nan da ya yi magana bai zo ba, an tura masa bidiyo.

Talata, 11 ga Nuwamba

An haƙa, an jera bulo. An kira ni ofis an tuna mini ina baya da mako biyu a manhaja. Gaskiya ne.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ciko da daɓe jiya, yau zubin kankare, kaurin santimita 10. Yara sun ja igiya daga dandamali zuwa turke, suna duba tudu a kowace santimita 120, dole ya sauka 10. Sun yi jigilar kwanon sarki har azahar. Na tafi ɗaurin aure da ƙarfe biyu, na bar su ana gamawa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ban so abin da na tarar ba.

Na farko, bayan tafiyata Baba ma ya tafi wani aiki ya bar wa yaronsa ƙarashe. Yaron, don ya burge, ya bi rabin sama da cokali ya goge shi sumul kamar daɓen ɗaki. Mun yi magana da Baba cewa tsintsiya za a ja a kai ta gicciye don taya ta sami kamu, amma ni ban gaya wa yaron ba, shi ma bai gaya masa ba. Da ƙurar hunturu ta kwanta a kai, ko da takalmi santsi yake.

Na biyu, ba wanda ya ba shi ruwa ranar Lahadi. Na ɗauka maigadi zai yi, shi kuma ya ɗauka 'yan aji za su zo. Iskar nan busasshiya ta zuƙe fuskar kankaren, ga ƙananan tsaga kamar zanen tafin hannu a wurare uku. Akuya ma ta bar sawunta a ƙasa, wannan kam mun bar shi.

Baba ya zo da yamma ya yi wa yaron faɗa har na ba shi haƙuri, don rabin laifin nawa ne. Ya ce tsagar ba ta yi zurfi ba. Za a sassare fuskar rabin saman, a sake shafe, a ja tsintsiya. Ƙarin buhu ɗaya, kuma yau 10,500 aka ce. Giɓinmu ya koma 36,500.

Na raba aikin ban ruwa rukuni rukuni, safe da yamma har kwana bakwai, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

An gyara. Ban ruwa na tafiya.

Talata, 25 ga Nuwamba

Mai walda ya zo awo ya tambayi tsawon ƙarfe. Rabin ajin suka ce 648, rabi suka ce a'a, ƙarfen jikin gangaren zai bi, gefe mafi tsawo ke nan. Aka lissafa aka sami 650.2. Bambancin santimita biyu ya ba su mamaki, sun zaci zai yi yawa. Na buɗe musu teburi: a 4.76, sin 0.0830 ne, tan 0.0833. In kusurwa ta yi ƙanƙanta, su biyun kusan abu ɗaya ne. A gangaren babura kuwa sin 0.351 ne, tan 0.375, sun rabu. Wannan bayani na sha yin sa a allo ba ya zama.

Mai walda ya yarda ya yi aikin a biya shi rabi yanzu.

Talata, 2 ga Disamba

An cire buhuna, an kafa ƙarfe. Muka auna abin da aka gina, ba abin da aka zana ba. Tudu 54, shimfiɗa 641, don an ci santimita bakwai wajen daidaita bakin ƙasa. Kusurwa 4.8, wato ɗaya bisa 11.9. Mun ɗan gaza ƙa'ida, na sa su rubuta haka a rahotonsu ba tare da gyara lamba ba.

Ba a yi biki ba, kamar yadda na yi alkawari. Da safe ya zo, ya wuce darbejiya bai tsaya ba, ya hau, ya juya, ya ajiye keken a bakin taga. Ƙorafinsa ɗaya: bakin gangaren na ƙasa ya ɗan fi ƙasa tudu, yana jin dukan a hannu. Za mu cike da marmara. Malamar Hausa mai ciwon gwiwa ita ma ta daina bin matakala.

Talata, 9 ga Disamba

Na gama duba gwajin ƙarshen zango. Tambayoyin kusurwar ɗaga kai da na neman gefe sun yi kyau fiye da yadda na saba gani, 31 cikin 46 sun ci. Kusurwar sunkuyo kuwa har yanzu suna sa ta a lungun da ba nata ba, kuma ban taɓa jadawalin sin da cos ba sam, ga WAEC na tambayarsa. Dole in nemi darasin Asabar biyu a Janairu.

Bashin mai walda saura 35,000, na Baba 1,500 kuɗin tiyo da muka fasa.

Zango mai zuwa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya muke hari. Tudunsa 82 ne, ya wuce 76, dole a raba gangaren biyu da wurin hutawa a tsakiya, kusan mita goma ban da dandamali. Kafin nan akwai ƙofar banɗaki. Injiniyan gwaji ya auna ta da kansa jiya ya kawo mini a takarda: faɗin ƙofa 68, faɗin keke 74.